Katin awon yaro, kun san daga ina ya fito?

Iyaye mata barkanmu da warhaka. Yau dai maganata a kan katin awo ne, wannan da muke ba ku ranar da kuka fara kawo jariri rigakafi, wanda wasunku ke cusawa ƙarƙashin katifa sai yaro ya kwanta ciwo a hau nemansa. Wallahi duk sanda aka miƙo min shi ya jiƙe ko ɓera ya ci gefe raina sosuwa yake, don na san irin yaran da aka rasa kafin a kai ga wannan takardar.

A da asibiti a birni yake, yaro kuwa ba a kai shi sai ciwo ya ci ƙarfinsa, a iso an riga an makara. A 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya zo aiki garin Ilesha da ke kudu maso yammacin Najeriya, ya zauna yana bin yaran ƙauyen Imesi-Ile wata bayan wata, sai ya ga abin da ke kashe su ba wani baƙon abu ba ne, ƙyanda ce da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, kuma yawanci tun kafin yaro ya kwanta nauyinsa ya riga ya tsaya cak ba wanda ya lura. Shi ne ya buɗe asibitin 'yan ƙasa da shekara 5, nas-nas da ungozomomi ke riƙe da shi, a kawo yaro ko lafiyarsa ƙalau a ɗora shi a sikeli a ɗiga a kati. Kuma katin hannun uwa ya ba, bai bari a kulle shi a dirowar asibiti ba, wannan ne ya fi burge ni, don ya yarda uwa ce likitan farko.

Daga baya sauran hanyoyin ceton rayukan yara suka biyo. A 1971 a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh ruwan leda ya ƙare ga kwalara na cin mutane, likita Dilip Mahalanabis ya dinga ba su ruwan gishiri da sukari suna sha, mace-mace suka ragu sosai. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin rigakafin yara na cututtuka 6, tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ƙyanda da shan inna. A 1978 kuma ƙasashe suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Soviet aka amince a kai lafiya kusa da ƙofar talaka, ƙananan asibitocin da muke aiki a ciki yau daga nan suka samu ƙarfi.

A 1990 yara sama da miliyan 12 suka rasu a duniya ba su kai shekara 5 ba, a 2022 miliyan 4.9 ne. Har yanzu da yawa fa, kuma da yawansu abin da Morley ya gani ne dai yake ɗauke su.

Toh ki ɗauko katin yau ki duba layin nauyin yaron. In yana hawa alhamdulillahi, in ya miƙe awo biyu a jere ko ya fara gangarowa kar ki jira zazzaɓi, kawo shi mu gani ko yana ta wasansa. Maigida kai ma duba, in yaro ya cika wata 9 ba a cike gurbin allurar ƙyanda ba ku zo, ko katin ya yage ku taho da guntun mu sake rubuta muku wani.