Ciwon hanta da ƙoda: zancen ya girmi muhawarar yau

A Yamai, duk inda aka taɓo zancen ciwon ƙoda da tsadar wankinta, ko a fada ko a rediyo, hawan jini da ciwon suga da jiƙe-jiƙen da ake sha ba awo ake ɗora wa laifi. Gaskiya ne. Amma ba a cika ambaton ƙwayar ciwon hanta ba, wadda kan yi shekaru a jiki ido bai yi rawaya ba.

Abin da aka fi sani gajere ne: wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamar nau'in B na ƙwayar cikin jini a 1965, aka gano nau'in C a 1989, rigakafin B ya shiga jadawalin allurar jariran Nijar a 2008.

Shekarun da ake tsallakewa su ne 1970 da 1971. A ta farko likitoci suka danganta B da kumburin jijiyoyin jini, a ta biyu suka tarar da ɓurɓushinta cikin ƙodar wani majinyaci. Garkuwar jiki ce ke cafke ɓurɓushin, su dunƙule, jini ya kwashe su ya jibge a matatar ƙoda, sai ta fara yoyon furotin. Uwa za ta ga fitsarin yaro na kumfa, ya wayi gari fuska a kumbure, da maraice ƙafa ta cika, in an danna da yatsa ramin ya zauna. A nan wasu kan ce sammu ne. Yara maza ya fi kamawa, kuma a Taiwan, da aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin B a 1984, irin wannan ciwon ƙoda ya ja baya ƙwarai.

Ita ma C, bayan 1990 aka gane tana jawo jajayen tabo a ƙafafu, ciwon gaɓoɓi, mutuwar yatsu da kasala, har tana ƙara haɗarin ciwon suga.

A ganina, nan gizo ke saƙa. Mutane da yawa wajen ba da jini suke fara jin suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. In an duba hanta ta fito lafiya, sai mutum ya ninke takardar ya sa aljihu, gwajin fitsari mai arha don duba ƙoda bai ko zo masa a rai ba. Waɗanda aka haifa kafin 2008 kuwa jadawalin bai riske su ba, kuma su ne ke haihuwa yanzu.