Eriyar kan rufi: a ba tsawa hanyar shiga ƙasa

Jama'a, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, kuma akwai maganar da nake so mu yi kafin damina ta kankama.

A ɗakin shan maganin da nake aiki an taɓa kawo mana wani matashi, tafukan hannunsa biyu sun ƙone sun yi fari fat, ga wani ɗan rami a diddigensa inda wutar ta fita. Eriya ya hau ɗagawa don mahaifinsa ya kalli labarai. Fayif ɗin ƙarfen ya rinjaye shi, ya kwanta a kan wayar wutar da ta bi ta bayan katanga. Allah ya sa da sauran kwana, amma yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Har yau ina jin kukan mahaifiyarsa a kunnena.

Tun da aka fara komawa talabijin na dijital, daga Jos a 2016, Kaduna a 2017, zuwa Kano a 2021, eriya ta cika rufin gidajenmu. Mai Free TV, mai StarTimes, mai GOtv, kowa ƙara tsawo yake yi don hoto ya daina tsinkewa. Ba laifi. Sai dai kafin ka ɗaga, ɗaga kanka tukuna ka duba ina wayar wuta take. Idan sanda da eriya sun kai mita 6, to a bar aƙalla mita 12 tsakaninsu da wayar, yadda ko ta faɗi ba za ta kai gare ta ba. Manyan layukan da ke ratsa unguwanni suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, irin wannan wuta tana iya tsallakowa tun ƙarfe bai taɓa waya ba. Kada a ce ai gora ce: jiƙaƙƙiyar gora tana jan wuta. Kada mutum ya hau shi kaɗai, kada ya hau ana iska ko kwano na jiƙe.

Yanzu ga abin da kusan kowa ke tsallakewa. Eriya ita ce ƙarfe mafi tsawo a gidanka, kuma an ɗaura mata waya da ta shigo har ɗakin da yara ke zaune. Idan tsawa ta faɗo, ko ta faɗi a kusa, hanyar ƙasa take nema. In ba ka yi mata hanya a waje ba, ta cikin ɗakin za ta bi. Shi ya sa ake yin abin da masu wayarin ke kira atin. A samu rodi mai rufin jan ƙarfe, tsawon kamar mita 2.4, a kafa shi ya nutse a ƙasa kusa da gindin bango, inda damshi ke daɗewa. A ɗaure wayar jan ƙarfe mai kauri, milimita 6 zuwa sama a ma'aunin masu sayar da waya, daga jikin sandar eriya ta sauko ta wajen gini zuwa rodin. Ta zama gajera, miƙaƙƙiya, ba naɗi ba kwana mai kaifi. A matse ta da maɗauri da noti a kan ƙarfen da aka kankare fenti da tsatsa, don murɗawa da hannu aikin banza ne. Ita ma wayar da ke kai hoto tana da ɗan ƙarfen haɗi da ake sa mata daidai inda za ta shiga gida, a haɗa shi da rodin. In gidan yana da atin na wutar lantarki, mai wayarin ya haɗe su wuri guda. Kada a ɗaura a jikin famfon roba, ko kusa da tukunyar gas.

Gaskiya ɗaya: atin yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Da zarar an ji rugugi daga nesa, a zare wayar eriya da filogin talabijin. In hadarin ya riga ya iso kanku, a bar su, a nisanci wurin, sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

In Allah ya kawo tsautsayi, a bambance abu biyu. Wanda wayar wuta ta kama, kada a taɓa shi sai an yanke wutar, in babban layi ne a ja da baya a kira ma'aikatan lantarki. Amma wanda tsawa ta faɗa wa babu sauran wuta a jikinsa. Na sha jin ana cewa kada a taɓa shi sai an zuba masa nono. Don Allah a daina, lokacin neman nonon nan shi ne lokacin ceton ransa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, don illar wuta ta ciki tana iya fin wadda ido ke gani.