Cututtukan Zuciya da Shanyewar Ɓarin Jiki a Tsakanin Matan Arewacin Kamaru da Chadi

Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya, maza da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 suka rasu ta dalilinsu, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. Duk da haka, a garuruwa irin su Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri da Njamena, mutane da yawa na ɗaukar abin a matsayin cutar alhazai masu tumbi. Harshen ma ya taimaka wa ruɗanin, domin "ciwon zuciya" a Hausa yana nufin cuta, yana kuma nufin baƙin ciki. Mace in ta yi kukan ƙirji da haki, sau da yawa ma'ana ta biyun ake ɗauka, a ce tunani ne ko kishi, a ba ta haƙuri.

Hawan jini

Tushen yawancin matsalar shi ne hawan jini, wanda a asibitocin yankin ake kira "tansiyo" da bakin Faransanci. Ana cewa mutum na da shi idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku daban-daban. Ba ya zuwa da alama a mafi yawan lokuta. Mace za ta shekara goma tana daka da surfe da shi ba ta sani ba, alhali yana kaurara naman zuciya, yana cin ƙoda, yana raunana jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Magunguna irin su amlodipine da hydrochlorothiazide suna saukar da shi, amma ba sa kawar da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha na wata ɗaya, a ji sauƙi, a ajiye.

Sinadarin sodiyam na daga cikin abin da ke hawar da jini. Shawarar Hukumar Lafiya ita ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. A tukunyar miyar kuka ko ta kuɓewa kuwa gishirin ta ƙofa uku ko huɗu yake shiga: gishirin kansa, dunƙulen Maggi wanda babban kasonsa gishiri ne, kifin da aka busar da gishiri, sai kanwa. Kanwar da ake haƙowa a Kanem da gefen Tafkin Chadi ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, shi ya sa ba a lissafa ta, amma sodiyam ce ita ma.

Ciki da jego

Nan ne lamarin mace ya rabu da na namiji. A lokacin ciki jinin jiki na ƙaruwa da kusan rabi, zuciya kuma ita ke ɗaukar wannan kaya. Bayan mako 20 wasu mata kan sami hawan jini tare da zubar furotin a fitsari. Alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, da ciwo a saman ciki. Idan ya ƙazanta sai ya zama jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune, wanda a gidaje da yawa ake dangantawa da iska. Allurar magneziyam salfet da saukar da jini da fitar da jariri a kan lokaci su ne maganinsa. Abin da ba a cika gaya wa matar ba shi ne, ko ta tashi lafiya, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki a gaba ya kai kusan ninki biyu na wadda ba ta taɓa yi ba. Mai shan maganin hawan jini kuma ta sanar da likita da zarar ta yi niyyar ciki, don irin su captopril da enalapril suna cutar da ɗan tayi, ana canja su da methyldopa ko nifedipine.

Akwai kuma wata cutar da sunan Hausawa ya shiga littattafan likitanci saboda ita: raunin naman zuciya da ke bayyana a ƙarshen ciki ko cikin watanni biyar na farko bayan haihuwa. Likitoci Davidson da Parry sun yi nazarinta a Zariya a shekarun 1970, kuma wasu bincike a arewacin Najeriya sun same ta a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Masu nazarin farko sun ɗora laifin a kan al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa don ruwan nono. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna abin ya fi haka faɗi, ya haɗa da hawan jinin ciki, rama, talauci da ƙarancin sinadarin silenyam a jiki. Hausawan Kamaru da Chadi suna da waɗannan al'adu iri ɗaya, don haka darasin ya shafe su kai tsaye. Wankan jego da ruwa mai ɗumi ba laifi ba ne, kuma kulawar da uwa da kaka ke yi wa mai jego abin alfahari ne. Amma ɗura wa mace mai kumburi kanwa safe da yamma ƙara wa zuciyarta kaya ne.

Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta je ban-ɗaki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi, ba "sanyi" ne ya shige ta ba, kuma ƙara zafin ruwa ba zai fitar da shi ba. Asibiti take buƙata a ranar. Da magani mata da yawa kan farfaɗo, sai dai wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, ciki na gaba na iya halaka ta, kuma wannan magana ce da dole mijin ya ji daga bakin likita.

A yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru an samar da takardar lafiya ta masu ciki, wadda ake saya sefa 6,000 ta ɗauki awon ciki, haihuwa da kulawa har kwana 42 bayanta. Ta sa an auna jinin mata da yawa a karon farko a rayuwarsu. Giɓin yana bayan arba'in: katin awo ya shiga ƙasan akwati, ba a sake auna matar ba sai wani cikin.

Ciwon maƙogwaro da ƙofofin zuciya

Ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar sitireptokokus, idan ba a yi wa yarinya maganinsa ba, yana iya jawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, daga baya ya lalata ƙofofin cikin zuciya. Sau da yawa sai a cikin fari ake ganewa. Penisilin na hana shi tun farko, wadda ta riga ta kamu kuma ana mata allurarsa duk mako uku ko huɗu na shekaru. Aikin canja ƙofar zuciya an yi ta yin sa a cibiyar Shisong da ke Kumbo, a yankin Arewa Maso Yamma na Kamaru, wadda aka buɗe a 2009, tafiya mai nisa da tsada ga mutumin Marwa.

Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya

Shanyewar ɓarin jiki, wadda ma'aikatan asibiti ke kira AVC, tana faruwa ne idan jini ya daskare ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Alamun farat ɗaya suke zuwa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, harshe ya karye, ko gani ya ɗauke. Ko sun wuce cikin mintoci, gargaɗi ne. Hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'ura a asibiti, irin na sikana, shi ne kawai ke bambance toshewa da fashewa, shi ya sa ba a ba da asfirin a gida, don in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Ba a kuma ɗura wa mara lafiya ruwa ko rubutu, don haɗiya ta raunana, zai wuce huhu. A kwantar da ita ta gefe, a lura da lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti. Allurar narkar da daskararren jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi take aiki. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

Toshewar jijiyar zuciya kan zo wa mace a makare fiye da namiji, galibi bayan ɗaukewar al'ada. Nauyin ƙirji shi ne babbar alama, amma mata sun fi maza samun haki, tashin zuciya, zufa, gajiya mai yawa, da ciwon baya ko muƙamuƙi, har a ɗauka gyambon ciki ne.

Sauran abubuwan haɗari

Ciwon sukari, ƙiba, taba da rashin motsa jiki sun shafi kowa. Shawarar ita ce minti 150 na tafiya mai sauri ko aiki makamancinta a mako, da rage sukarin shayi. Wasu kuma sun fi faɗa wa mata. Hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi yana cutar da jijiyoyin jini. Ƙwayoyin ƙara ƙiba irin su dexamethasone da wasu mayukan bilicin suna jawo hawan jini da sukari. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Irin waɗannan mata akan ba su ashanar hannu, allura ko zoben mahaifa, bayan an auna jininsu.