Moda mai farin ganye da ruɗanin sunayenta

Moda mai farin ganye rukuni ne na ire-iren modar ado waɗanda ganyensu ya yi fari-fari kamar azurfa, maimakon koren nan mai ratsi-ratsi. Yawancinsu daga Dracaena trifasciata aka fitar da su, tsiron da asalinsa Afirka ne, daga Najeriya zuwa Kwango. Kafin 2017 masana na kiransa Sansevieria trifasciata, kuma har yau masu sayar da furanni ba su saki wannan suna ba. Danginsa ne modar daji, wadda tsofaffi a karkarar Kano da Jigawa suka sani saboda zaren ganyenta, da ake tufka igiya da tsarkiyar baka da shi.

A cikin masu farin ganyen, wanda ya fi shahara shi ne Moonshine, mai faffaɗan ganye a miƙe, da siririn layi kore a bakinsa. Ana kuma sayar da shi da sunan Moonglow, wasu ma su liƙa masa Silver Queen, alhali akwai wani iri mai dogon ganye da ake kira haka. Silver Hahnii kuwa gajere ne, ganyensa a zagaye kamar sheƙar tsuntsu. Zuriyar wani gajeren iri ne mai suna Hahnii, wanda aka gano a New Orleans ta Amurka a 1939.

Rabin ruɗanin daga kasuwa yake, don sabon suna na jawo mai saye. Sauran kuwa daga tsiron kansa ne. Sabon ganyen Moonshine fari yake fitowa, amma idan ya tsufa, ko aka ajiye tukunyar a zaure mai duhu, sai ya rikiɗe kore. Tukwane biyu daga uwa ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin darbejiya, ɗaya a ɗaka, bayan wasu watanni sai ka rantse ba iri ɗaya ba ne. Hanyar dashe ma na sauya kama: Laurentii, mai rawayan baki, idan aka yanki ganyensa aka dasa, 'ya'yan da za su fito ba su da rawayan. Shi ya sa ake raba saiwa idan ana son iri ya tsaya yadda yake.

Don haka launi kaɗai ba shaida ba ne. Abin dubawa shi ne tsawon ganye da faɗinsa, da yadda ya jeru, da kamannin sabon toho. A ƙauye dai sunan bai cika damun kowa ba. Abin da ke kashe moda shi ne yawan ruwa, musamman da damina, idan tukunya ba ta da huji a gindi.