Mene ne finbol?

Idan ka ga teburi mai ƙafa huɗu, samansa rufe da gilashi, fitilu na walƙiya a ciki, ga allo a tsaye yana ƙirga maki, to finbol ke nan. Turawa na rubuta shi pinball, wato ƙusa da ƙwallo. Sunan ya fito ne daga yadda wasan yake tun farko: allo mai gangare da aka kafe da ƙusoshi, ka harba ƙwallo ta bi tsakaninsu har ta faɗa rami, kowane rami da makinsa. Tushensa wani wasan Faransa ne mai suna bagatelle. Ƙusoshin sun daɗe da ɓacewa, sunan dai ya zauna daram.

A 1931 kamfanin Gottlieb na Shikago ya fitar da Baffle Ball, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Da senti ɗaya mutum zai yi wasa, sai kasuwa ta buɗe. Matsalar ita ce da zarar ka harba ƙwallon, naka ya ƙare, sai dai ka jijjiga teburin. Masu ƙerawa ma suka toshe wannan hanya da wata na'ura da ake kira tilt, wadda ke kashe wasan idan jijjigar ta yi yawa. Hukuma kuwa ta ce ai wannan caca ce. A 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta finbol, 'yan sanda suka riƙa kwashe injinan ana farfasa su da guduma.

Abin da ya canza komai ƴan sanduna ne masu mayar da ƙwallo sama idan an danna maɓalli a gefen teburin. Sun fara bayyana a injin Humpty Dumpty a 1947. Daga nan ƙwarewar hannu ta shigo. Duk da haka sai a 1976 New York ta ɗage haramcin, bayan wani gwanin wasan mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban 'yan majalisar birnin, ya faɗi inda ƙwallo za ta bi, ta kuma bi can. A ganina, a duk tarihin wasan babu labari mai daɗi kamar wannan.

Yanzu tsofaffin injinan nan suna gidajen tarihi, irin su Pinball Hall of Fame a Las Vegas da Pacific Pinball Museum a Alameda, jihar Kalifoniya. A irin waɗannan wurare ana barin baƙo ya taɓa kayan tarihi, har ya buga. A Las Vegas tsabar kuɗi kake jefawa a injin kamar da, a Alameda kuwa kuɗin shiga kawai za ka biya, ka yi ta bugawa har hannunka ya gaji.