Binciken hujja a muhawarar ɗalibai

Binciken hujja horo ne da ake ba ɗalibai masu muhawara domin su nemo dalilansu da kansu, su tantance su, maimakon haddace jawabin da malami ya rubuta musu.

Tarihi

A Jos, kamar sauran biranen Najeriya, muhawarar ɗalibai ta taso ne daga ƙungiyoyin adabi da muhawara na sakandare, waɗanda ake jin sun samo asali tun zamanin Turawan mulki. An daɗe ana juya maudu'ai iri ɗaya: makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo, likita da malami wa ya fi amfani. Waɗannan zaƙin baki suke so, ba bincike ba. Malami ya rubuta, yaro ya haddace, ya tashi ya zuba tamkar mai tilawa. Da zarar abokin karawa ya jefo tambayar da ba ta cikin takarda, sai a ga yaro yana kallon silin.

Gasar muhawara ta duniya ta 'yan sakandare, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, tsarinta daban ne. Kowane ɓangare na da masu magana uku, kowa minti 8. Wasu maudu'an ana sanar da su tun da wuri, wasu kuwa sai saura awa ɗaya, kuma mai horarwa ba ya shiga ɗakin shiri. A nan hadda ba ta fitar da kowa.

Yadda ake koyarwa

Akan sa ɗalibi ya rubuta kowace hujja a 'yar takarda: me aka ce, wa ya faɗa, a wace shekara. Shekarar ce aka fi mantawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, mutum miliyan 140 da ɗoriya, don haka duk adadin da ɗalibi zai kawo na yau ƙiyasi ne, kuma dole ya faɗi hakan. "Na gani a WhatsApp" ba hujja ba ce. Yaran da suka yi Islamiyya kan saurin ganewa, domin sun saba da tambayar "ina dalilinka?" da zancen isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito hadisi. Akan kuma sa su tara hujjojin ɓangaren da suke adawa da shi.

Inda ake nema

Reshen Laburaren Ƙasa na Jos, tsofaffin jaridu, da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja. Yau galibi ta waya ake yi.

Saɓani

Ba a daidaita ba kan iyakar taimakon da ya halatta malami ya bayar.