Ɗan fiffiken da ke yanke hukunci: dokar kamun kifin salmon a tsibirin Vancouver

A tsibirin Vancouver da ke yammacin Kanada, idan masunci ya jawo kifin salmon zuwa gefen kwalekwale, kafin ya auna tsawonsa sai ya fara duba gadon bayansa. Tsakanin babban fiffike da wutsiya akwai wani ɗan fiffike mai taushi, ba ƙashi a cikinsa. In ba ya nan, sai tabon da ya warke a gurbinsa, kifin gidan ƙyanƙyasa ne. In yana nan, doka ta ɗauke shi kifin da ya tashi da kansa a kogi, kuma a wurare da dama mayar da shi ruwa ya zama dole.

Dalilin yana cikin rayuwar kifin. Salmon na gaɓar Fasifik ta Kanada iri 5 ne: chinook, coho, sockeye, pink da chum. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe su, su gangara teku su girma, sannan su komo kogin da suka fito su yi ƙwai su mutu. Pink shekara 2 yake yi, coho galibi 3, chinook kan kai 4 ko 5. Kowane kogi da nasa zuri'ar, amma a teku cakuɗuwa suke yi. Kifin da ya haɗiyi ƙugiya a kusa da garuruwan Campbell River ko Ucluelet na tsibirin yana iya zama ɗan gidan ƙyanƙyasa da aka saki da yawa don a kama, yana kuma iya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage a wani reshe na kogin Fraser, babban kogin da ke shiga teku a tsallaken tsibirin. Ido ba ya rarrabewa, shi ya sa ake yin shaida.

Tun 1977 gwamnatin tarayya take gudanar da shirin ƙara yawan salmon, kuma manyan gidajen ƙyanƙyasa na tsibirin suna ƙarƙashinsa: Robertson Creek kusa da Port Alberni, Quinsam a Campbell River, Puntledge a Courtenay, da Big Qualicum, Nitinat da Conuma. Ana ɗibar ƙwai da maniyyi daga kifayen da suka komo, a rene su a faranti da tankuna, idan 'ya'yan sun kai kamar tsawon yatsa a sa musu maganin da zai kwantar da su a datse fiffiken. Ba ya sake tsirowa. Abin da doka ke nema shi ne tabo warkakke. Wanda ya yanke fiffiken da wuƙarsa a cikin jirgi, sabon rauni zai tona masa asiri.

Akwai inda tsarin ya gaza, kuma masunta suna da gaskiya da suke ƙorafi a kai. Ba duk kifin gidan ƙyanƙyasa ake datsewa ba, musamman chinook, domin aikin yana cin kuɗi da hannuwa. Saboda haka mutum kan saki kifin da a zahiri don kamu aka rene shi. Doka ba ta sauraren wannan hujja. Fiffike na nan, kifin kogi ne.

Lasisi biyu ne, kuma a nan baƙi suka fi faɗawa. Ruwan gishiri na ma'aikatar kamun kifi da tekuna ta tarayya ne, ita ke ba da lasisinsa. Koguna da tafkuna kuwa lasisin lardin Biritish Kolambiya, inda tsibirin yake, ake nema. Ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya, kuma iyakar tana bakin kogi, inda ruwan daɗi ya haɗu da na teku. Lasisin shekara yana aiki daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris. Yaron da bai kai shekara 16 ba shi ma sai da lasisin teku, ko da yake kyauta ake ba shi. Lasisi kaɗai bai ba ka damar riƙe salmon ba, sai ka ƙara da kan sarki na musamman na kare salmon. In babu shi, duk wanda ka kama saki za ka yi.

A teku, jimillar salmon da mutum ɗaya zai riƙe a rana ba ta wuce 4, kowane iri ne, kuma abin da za a samu a hannunsa gaba ɗaya bai wuce na kwana biyu ba, wato 8. Chinook ne aka fi tsanantawa a kansa: iyakarsa 2 a rana inda aka sassauta, 1 a wurare da yawa, 10 a shekara. Tun 2019 akan hana riƙe shi kwata-kwata daga bazara zuwa tsakiyar Yuli ko farkon Agusta a mashigin da ke tsakanin tsibirin da babban yanki, lokacin da chinook na Fraser ke wucewa. Mafi ƙanƙantar tsawo santimita 45 ne, amma 62 ne a mashigin Georgia da ke gabashin tsibirin, kuma daga hanci zuwa tsagar wutsiya ake aunawa. Duk chinook da ka riƙe, nan take za ka rubuta shi a lasisinka. Jira sai an isa tasha laifi ne, ko da ba ka wuce adadi ba.

An rarraba gaɓar zuwa yankuna masu lamba, kuma ma'aikatar tana sauya ƙa'ida a tsakiyar kakar kamu idan kifi bai komo yadda aka zata ba. Abin da ya halatta a makon jiya yana iya haramta yau, don haka sanarwar yankinka ta ranar ita ce abin dubawa.

Ƙugiyar kamun salmon ba za ta kasance da 'yar ƙayar nan mai kallon baya ba. Matse ta da filaya ya wadatar, in dai ta kwanta sarai. Mai shakka ya soka ta a tsumma, in ta kama zare ba ta kwanta ba. A kogunan tsibirin an ƙara da cewa ƙugiya mai baki ɗaya ce kawai, kuma a mafi yawansu an hana saƙala tana ko ƙwan kifi, domin kifin da ya haɗiye abinci har ciki da wuya ya rayu bayan saki. Fizgo kifi ta ciki ko ta baya haramun ne, kuma wanda ƙugiya ta kama a jiki a kogi bisa kuskure sakinsa za a yi. Sakin ma yana da ladabi. A bar kifin cikin ruwa, a jiƙa hannu, kada a sa yatsa a wurin numfashinsa, in ƙugiya ta yi zurfi a yanke zaren. Kifin da aka ɗaga sama don hoto, saɓarsa ta goge a kan katako, yana iya iyo ya tafi ya mutu bayan kwana biyu, a banza.

Wasu daga cikin kifayen da aka datse suna ɗauke da ɗan waya mai tsawon kusan milimita 1 a hancinsu, da lambar da ke nuna gidan da aka rene su da shekarar. Saboda haka ake roƙon masunta su yanke kan, su manna takardar bayani, su ajiye a wuraren karɓa da ke tashoshin jirage da shagunan kayan su. Daga nan ake sanin kifin wane kogi ake kamawa a wane ruwa. Wurin gyara kifi don tafiya kuma, dole a bar fata da wutsiya da wurin tabon, yadda jami'i zai gane iri da adadi da tsawo. Sayar da kifin da aka kama da wannan lasisi haramun ne.

Wa ke gaba idan kifi ya yi kaɗan? Hukuncin Kotun Ƙolin Kanada a shari'ar Sparrow a 1990 ya tsara layin: kare zuri'ar kifin da farko, sai haƙƙin 'yan asalin ƙasar na kamun abinci da bukukuwan al'ada, sannan sauran masunta. Saboda haka ganin komar 'yan asalin ƙasar a ruwan da aka rufe maka ba lallai saɓa doka ba ne.

Masu zuwa kallo su ma doka ta hau kansu. Tazarar jirgi da manyan dabbobin teku mita 100 ce, 200 in suna hutawa ko suna tare da jariri, 200 ga orka, babbar dabbar teku mai launin baƙi da fari da ke farauta, a ko'ina a gaɓar Fasifik ta Kanada. A ruwan kudu an faɗaɗa ta zuwa 400 a 2019 da umarnin da ake sabuntawa, saboda wata zuri'ar orka da ba ta kai 80 ba, wadda chinook ne babban abincinta kuma da sauti take farauta, ƙarar inji na toshe mata hanya. Tarar damun su tana iya kaiwa dalar Kanada 100,000 ko fiye.

A Goldstream kusa da Biktoriya, inda chum ke cika kogi daga ƙarshen Oktoba, mikiya kuma ta biyo gawarwakinsu a Disamba, ana son kare ya kasance a ɗaure, mutum kuma ya tsaya a gaɓa. Wurare masu hasken tsakuwa a ƙasan ruwa sheƙa ce da macen ta haƙa da wutsiya, da dubban ƙwai a binne, kuma taku ɗaya yana murƙushe su. Ciyar da beyar da ke zuwa kogi laifi ne a dokar namun daji ta lardin, haka ma barin kayan cikin kifi ko abinci inda zai jawo ta. Wadda ta saba da abincin mutane galibi harbe ta ake yi.